Gaisuwar Auta a Shirin Ƙararrawa

Litinin, 3 ga Maris

Zuwa ga Gwaggo,

Zan gaishe ki yadda ya kamata, amma bari in fara sauke abin da ke ƙirjina, don in na tsaya gaisuwa zan fasa. Gaisuwar da ake karantawa da sunanki a rediyo, ni ce nake rubuta ta. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ko a addu'a kewaye maganar nake yi.

Yanzu ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, ya aiki. Ni ce 'yar yayanki, wadda kika bari a zanen goyo. Shekarata sha huɗu. Na gama firamare, ina taya Mama ɗinki, ina kula da Kaka. Baba yana kan hanya da babbar mota, sai mu yi sati uku ba mu gan shi ba. Adireshinki a bayan wani tsohon ambulan na gani a akwatinsa. Kaka dai jiki ya ƙi. Idanun sun tafi gaba ɗaya, ƙafafun suna kumbura, daga gado sai kujerar bakin taga.

Kin san shirin Ƙararrawa, na sujada, ƙarfe shida na safiyar Lahadi. Kaka ya ce shekararsa talatin da shida ba a taɓa ɗaga shi ko da minti ɗaya ba. Tun da ya daina iya zuwa majami'a, shirin nan shi ne majami'arsa. Sai na wanke masa fuska, na sa masa farar riga, na taje masa gemu, kamar rediyon zai gan shi. In na yi nawa sai ya ce, "Sakatariya, fasto zai hau bagadi ke kina neman mataji!" Sakatariya yake ce mini don ni nake rubuta masa wasiƙu.

Duk wata yana sa ni in rubuta gaisuwa zuwa gare ki, in kai akwatin da ke bakin ƙofar gidan rediyo. A karanta, "Daga Malamin Waƙa zuwa ga Autarsa." Amsa ba ta taɓa zuwa ba. Wata Lahadi da aka gama shirin ya daɗe bai ce a cire masa rigar ba. Can ya ce, ba da ni yake ba, "Ko 'ina da rai' ta ce, ai ya ishe ni."

A satin na sayi shuɗin biro. Nasa da baƙi nake rubutawa, naki da shuɗi, ina karkatar da rubutun. Na roƙa masa waƙa mai lamba arba'in da bakwai, don ita yake yawan rerawa a hanci. Ranar da aka karanta, Gwaggo, ya ci abinci har da ƙari. Na ce sau ɗaya kawai zan yi. Yanzu sun kai ashirin da uku.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, gidan rediyo sun yi sanarwa cewa daga watan Mayu za su mayar da shirin Laraba, ƙarfe uku na rana. Za su rage shi rabin awa, su cire gaisuwa. A wurinsa za a sa shirin motsa jiki. Ƙarfe ukun rana injin niƙan maƙwabtanmu yana aiki, ko ihu aka yi Kaka ba ya ji. Mutane sun ƙi yarda. Mama Shugaba ta zumuntar mata tana bi gida gida tana karɓar wasiƙun ƙin amincewa. Da ta zo namu ta ce, "Mu da gwiwoyinmu suka riga mu tsufa, a ce mu tashi da asuba mu yi tsalle? In tsalle ne ai mun yi a zamaninmu."

Bayan ta fita Kaka ya ce, "Sakatariya, rubuta wa Gwaggonki. Ita ba baƙuwa ba ce a gidan rediyon nan, duk wata tana rubuto musu. In ta yi magana za su ji." Na ce to. Jiya ya tambaye ni sau biyu ko na aika.

Ban san abin da ya shiga tsakaninku ba, a gidan nan ba a faɗa. Ba ina roƙon ki yafe mini ba ne. Ina roƙon ki rubuta ɗaya da hannunki, ko layi biyu, kafin a rufe gaisuwar.

Taki,
'yar yayanki

*

Alhamis, 27 ga Maris

Ɗiyata,

Na samu wasiƙarki. Ina lafiya, ki gai da mamanki. Na ajiye ta sati biyu ban amsa ba, don da a ranar na amsa da ba ki ji daɗi ba.

Kin rubuta da kanki cewa shi ya ce ki rubuto mini. To na gane. Na san bakin mahaifina ko a rubutun wani. Ki gaya masa ba sai ya ɓuya a bayan yarinya ba.

Kina tsammani ban ji gaisuwar ba? Ina aiki a ɗakin wanki na wani asibiti, zanen gado da rigunan marasa lafiya. Ranar Lahadi ƙarfe bakwai nake kama aiki. Ina zuwa tun shida, in zauna a ɗakin canza kaya da ƙaramin rediyona. Ranar da na fara jin "Daga Auta zuwa ga Malamin Waƙa," kofin shayi ne ya suɓuce mini. Da aka ce lamba arba'in da bakwai kuma sai na daina shakka. Waƙar Inna ce, mahaifiyata, ita take yi in tana guga. Wa ya san haka in ba shi ba? Na ce wato tsohon nan gaisuwa yake aika wa kansa, don kada 'yan majami'a su ce 'yarsa ta guje shi. Dama tun da can abin da mutane za su ji shi ne a gabansa.

Tunda ba a faɗa a gidanku, ni bari in faɗa. Waƙar da ake buɗe shirin da ita bayan ƙararrawa, kakanki ne ya ja ta da ƙungiyar mawaƙansa. An ɗauke ta a faifai wata safiyar Asabar, shekarar da aka haife ki. A safiyar Inna tana kwance a asibiti, numfashi yana fita da ƙyar. Ya san haka. Ya ce an riga an ba su rana a gidan rediyo, mutum talatin suna jiransa, zai je ya dawo. Ni kaɗai ce a kanta. Ya dawo da tsakar rana, da rigar mawaƙa a jikinsa, an riga an lulluɓe ta da zane. Na tare shi a bakin ƙofa na ce masa ta tafi tana tambayar ina yake. Bayan wata biyu na haɗa kayana.

Shekara sha huɗu duk Lahadi ana sa wa duniya waƙar ranar da uwata ta mutu, ana cewa kai, Malamin Waƙa akwai murya. Yanzu kuma in rubuta in roƙi a bar ta? Su kai shirin Laraba, su kai shi inda suka ga dama.

In da gaske ke ce kika yi, to ki daina. Sunana ba zane ba ne da za a ara.

Ƙafafun nan da kika ce suna kumbura, a riƙa ɗora su kan matashi, kuma a rage masa gishiri. Zai yi faɗa, kada ku kula shi.

Gwaggonki

*

Talata, 8 ga Afrilu

Zuwa ga Gwaggo,

Ina gaishe ki, ya aiki, ya gajiya. Mama tana amsawa. Mun rage gishirin. Ya ce ko fursuna ake ciyarwa a gidan nan.

Gwaggo, ba ki fahimci layin nan ba, ko ni ce ban iya rubuta shi ba. Ya ce in rubuto miki ne don ya yarda ke ce kike gaishe shi. Bai san komai ba. Waƙar ma ban san ta Kaka mace ba ce. Da na sani da ban taɓa ta ba.

Na daina kamar yadda kika ce. Shekaranjiya ce Lahadin farko ta wata, ranar da ya saba jin taki. Aka karanta gaisuwa goma sha ɗaya, yana ƙirgawa da yatsa a kan gwiwarsa. Aka yi addu'ar rufewa. Ya ce, "Duba batir ɗin nan, kamar ya tsallake wani wuri." Na ce batir lafiya. Ya ce, "To motar da ke kawo saƙonta ce ta lalace." Sai ya ce in mayar da shi gado. Bai taɓa komawa gado da farar rigar ba sai ranar.

Maganar shirin ta yi zafi. Ranar Juma'a mata sun fi hamsin suka je gidan rediyo, Mama ta ja ni. Da tsofaffi maza, da wata ma'aikaciyar jinya da ta ce a ɗakinsu marasa lafiya da shirin suke sanin Lahadi ta zo. Aka zauna kan bencina a farfajiya ana waƙa har manaja ya fito. Saurayi ne, yana da ladabi. Ya ce bincikensu ya nuna masu sauraron safiyar Lahadi sun ragu. Mama Shugaba ta ce, "Ɗana, wa ka tambaya? Ni dai ba ka zo gidana ba, kuma ƙofata ko sakata ba ta da ita." Aka yi dariya. Ya ce Laraba ma ai rana ce ta Allah. Wani tsoho ya ce, "Haka ne, amma ƙarfe ukun Laraba na kasuwa ne."

Sai manaja ya ɗago wani ƙunshin wasiƙu ya ce guda arba'in duk hannu ɗaya ne ya rubuta su. Gaskiya ne. Matan zumunta ne suka rubuta wa tsofaffin da ba su iya rubutu ba, ba su ga laifi a ciki ba. Mama Shugaba ta yi ta bayani, ya ce ya ji, amma daga yanzu za a tantance kowace wasiƙa. Ni ina can baya, ina tuna nawa ashirin da ukun.

Akwai abin da nake so ki sani, ba don in kare shi ba. Waƙar buɗewar nan, Kaka ba ya jin ta. Tun ina ƙarama, da an buga ƙararrawa sai ya ce, "Rage." In murɗe muryar har ƙasa. Yana ƙirga lokacin a ransa, leɓensa ba ya motsi, can ya ce, "Ƙara." Daidai lokacin da fasto zai fara magana, bai taɓa kuskure ba. Na taɓa ce masa, "Kaka, ai muryarka ce, kowa yana yabo." Ya ce, "Sakatariya, aikinki rubutu ne ko tambaya?" Da ina tsammani kunyar yabo yake ji. Sai da na karanta wasiƙarki.

Saura Lahadi uku.

Taki,
'yar yayanki

*

Laraba, 16 ga Afrilu

Ɗiyata,

Ina lafiya. Ki yi haƙuri da zafin da na yi miki, ba ke ce kika haƙa ramin ba.

Na karanta maganar "rage" da "ƙara" a tsaye a gaban injin wanki, har ya gama juyi ban sani ba. Ni ma haka nake yi. Shekara sha huɗu, da an buga ƙararrawa sai in danne rediyon a cinyata.

Na rubuta wa gidan rediyo da hannuna. Na ba wani direba amintacce, ya ce ya jefa a akwatinsu jiya. Na rubuta a bayan ambulan cewa a karanta a Lahadin ƙarshe. Abin da ke ciki tsakanina da shi ne. Ba zan iya faɗa masa ido da ido ba, a waya ma bakina ba zai buɗe ba. A shirin nan aka ɓata, a nan nake so ya ji.

Kada ki gaya masa. Ki dai sa masa farar rigar, ki sayi sabon batir.

Gwaggonki

*

Alhamis, 1 ga Mayu

Zuwa ga Gwaggo,

Ina gaishe ki. Na san kin saurara, kin san ba a karanta ba. Kaka ba ya cin abinci sosai, numfashinsa yana yin sama in ya kwanta. Mai duba shi ya ce zuciya ce. An kira Baba, yana hanya.

Ranar Lahadi na sa sabon batir. Mai gabatar da shirin, wanda kowa ke ce wa Mai Ƙararrawa, ya karanta gaisuwa sun fi talatin. Duk wadda ya ɗauko sai in ce ita ce. Aka rufe. Kaka ya ce, "To. An sallame mu."

Ranar Litinin na ce wa Mama zan sayo zare, na tafi gidan rediyo. Na tsaya a bakin ƙofa ya fi awa ɗaya ban shiga ba, har maigadi ya ce, "'Yammata, ke sabuwar maigadi ce aka turo?" Shi ya kai ni ciki.

Mai Ƙararrawa tsoho ne, gajere, ba kamar muryarsa ba. Yana kwashe littattafansa cikin kwali. Na ce ni jikar Malamin Waƙa ce, 'yarsa ta aiko da wasiƙa ba a karanta ba. Ya ce, "Na ga wata, amma ba tata ba ce. Wani ne ya ari sunanta don a ƙara yawan masu ƙorafi." Ya jawo aljihun tebur ya fito da wasiƙuna, duka ashirin da ukun, an ɗaure su da roba. Ya ce, "Kin ga hannun Auta. Shuɗin biro, rubutu a karkace, kuma ba ta taɓa mantawa da lamba arba'in da bakwai. Ko cikin barci na san shi. Waccan ko gaisuwa babu, ga maganar mamaci a ciki. Ba zan bari a yi wasa da tsohon nan ba."

Gwaggo, na so ƙasa ta tsage. Sai na ɗauki biro a kan teburinsa, na rubuta "Daga Auta zuwa ga Malamin Waƙa" a karkace, na tura masa.

Ya daɗe yana kallo. Ya cire tabarau ya mayar. Ya ce, "Kin san ranar da manaja ya ce wasiƙunmu na bogi ne, waɗannan na kai masa? Na ce masa ga 'yar da shirin nan ya mayar wa ubanta." Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya tona wani kwali a ƙarƙashin tebur, ya ciro taki, ya ba ni. Ya ce Laraba babu gaisuwa, ba shi da inda zai karanta ta.

A buɗe take, na karanta a hanya. Ki yafe mini.

Da na dawo na durƙusa gaban kujerar Kaka. Ba yadda zan yi in bayyana masa dalilin da ba a karanta ba sai da na faɗi nawa. Na faɗa duka, da shuɗin biron, da ashirin da ukun. Na ce amma wannan ta gaske ce. Na karanta masa kamar yadda kika rubuta:

"Baba, ƙarya na yi maka a bakin ƙofar asibiti. Inna ba ta tafi tana nemanka ba. Na ce zan aika a kira ka, ta riƙe hannuna ta ce, 'A bar shi ya gama waƙar, ai zan ji ta.' Haushi ne ya sa na juya maganar. Ka yafe mini. Auta."

Ya miƙo hannu na ba shi takardar. Ya shafa ta gaba da baya. Sai ya ce, "Takarda duk ɗaya ce a hannun makaho."

Na ce, "Kaka, na rantse."

Ya ce, "Sakatariya, kina da zuciya mai kyau. Na masu rai da kika yi, na yafe. Amma kada ki sa magana a bakin matata. Ta gaji, ki bar ta ta huta." Ya miƙo mini takardar, ya ce a juya masa kujera ta kalli bango.

Ni na jawo wannan. Da ban yi ashirin da uku ba, da ya yarda da ɗaya. Yanzu ba abin da zai shiga kunnensa sai muryarki. Ba ya ji sosai a waya, amma ki gwada. In da hali ki zo. Don Allah, Gwaggo, kada ki ajiye wannan sati biyu.

Taki,
'yar yayanki

*

Litinin, 19 ga Mayu

Ɗiyata,

Na iso lafiya, na koma aiki. Ya ƙarin haƙuri. Ki gai da mamanki da babanki.

Kwana uku na yi a gidanku ba mu yi magana ba. Gida cike da masu ta'aziyya, ke kina ta kai ruwa kanki a ƙasa, ni kuma duk sanda na buɗe baki sai wata ta rungume ni. Na ga yadda kika goge farar rigar da aka sa masa. Na gode.

Wasiƙarki ta yi sati a hanya, ranar Alhamis ta same ni. Na kira lambar babanki sau uku ina kashewa kafin ta shiga. Na ce wannan ba maganar waya ba ce, gara ya ji ni kusa, ya taɓa fuskata. Na nemi izini, na kama kujera a motar Asabar. Kin san sauran. Da safiyar Juma'a babanki ya kira. Shekara sha huɗu na yi ina riƙe wa mutum laifin zuwa a makare.

Tambaya ɗaya gare ni, ke kaɗai za ki iya amsawa, don ke ce a kansa. Kafin ya tafi, ya yarda? Ba na iya barci, ba na iya cin abinci. Ki gaya mini ya yarda.

Gwaggonki

*

Lahadi, 25 ga Mayu

Zuwa ga Gwaggo,

Ina gaishe ki, ya haƙuri. Mu nan muna nan. Baba ya koma hanya. Mama ta ce sabuwar shekarar karatu zan shiga sakandare, tunda yanzu ba wanda zan zauna wa. Har yau ƙarfe biyar da rabi na farka na ɗauko mataji.

Matan zumunta ba su daina ba. Duk Juma'a suna zuwa su zauna a bencin gidan rediyo, amma sun ragu, shekaranjiya Mama Shugaba ta ce su tara ne. Ta ce ko ita kaɗai ta rage za ta je, ai bencin ya saba da ita.

Gwaggo, wannan ita ce wasiƙa ta biyu da na rubuta miki. Ta farkon ta fi kyau. A cikinta Kaka ya kira ni da asuba, ya ce, "Na yarda, ki gaya wa Auta na yafe mata." Na iya irin wannan rubutun, kin sani. Har na sa ta a ambulan. Sai na tuna yadda yake shafa takardarki gaba da baya. Na yaga ta.

Ga abin da ya faru, ba ƙari.

Bayan ranar nan bai sake tada maganar ba. Na sa takardarki a littafin waƙoƙinsa, wanda yake ajiyewa ƙarƙashin matashi. Wata rana da nake gyara gado na ga ba ta inda na sa ta, ta koma wani shafi. Ko shi ya taɓa, ko faɗuwa ta yi Mama ta mayar, ban sani ba. Ban tambaya ba.

Ranar Laraba, kwana biyu kafin ya tafi, ita ce ranar farko ta sabon lokaci. Ban yi niyyar kunnawa ba. Shi ya ce, "Ƙarfe nawa?" Na ce uku saura biyar. Ya ce, "Kawo abin nan." Bai nemi farar riga ba. Injin niƙa yana ta ƙara, sai na hau gadon na riƙe masa rediyon a kunne. Aka buga ƙararrawa. Na kai yatsa zan rage kamar kullum, ban jira ya faɗa ba. Sai ya ɗora hannunsa a kan nawa. Bai kuma ɗauke ba.

Waƙar ta tafi har ƙarshe. Ni ban taɓa jin ta duka ba sai ranar. Muryarsa a ciki kamar ta wani mutum dabam, mai faɗin ƙirji. Idonsa a rufe. Da fasto ya fara magana ya ce, "Baiti na uku mun yi sauri." Shi ke nan abin da ya ce. Daga nan ya yi barci.

Ko ya yarda ne ya sa ya saurara, ko kuwa ya san ba zai sake ji ba ne, ban sani ba. Kullum ina juya abin a raina. Wata rana in ce ya yarda, wata rana in ce a'a. Iya abin da na gani ke nan, kuma naki ne, ki yi yadda kika ga dama da shi.

Littafin waƙoƙin yana wurina da takardarki a ciki, a shafin da na same ta. In kina so ki san shafin, ki zo ki buɗe da kanki. Ni ba zan faɗa ba, don kada in sa masa ma'ana.

Na san ba wannan kika roƙa ba. In kin yi fushi, ki yi, amma ki rubuto, zan amsa. Shuɗin biron na jefa shi a kwata da safen nan. Ban gaya wa kowa ba, amma na yanke a raina: daga yau ba zan ƙara rubuta magana a bakin wani ba, mai rai ko mamaci, ko da za ta sa shi ya ci abinci har da ƙari.

Ni ce, da hannuna,
'yar yayanki